Gwaggo Ta Karye a Sarandosa

Talata: Jega zuwa Maiyama

Ƙarfe shida saura ashirin na safiyar Talata, ana idar da sallar asuba, na fito daga gidanmu na Jega Firchin da 'yar jakata a kafaɗa. Bazara ce, shekara ta biyu da aka ba mu jihar Kebbi, lokacin da motocinmu ba su rabu da lambar Sakkwato ba tukuna. Baba na zaune bakin zaure a kan buzunsa. Idanunsa sun riga sun tafi a lokacin, amma kunne kam sai dai a ce masha Allah. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Labbo, kai na? In ka ishe ta, ka gaishe min da ita."

Wadda zan gaisar ɗin ba mutum ba ce. Wata tsohuwar jif ce koriya, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda Baba ya saya a gwanjo bayan ya yi shekara talatin yana tuƙa motocin mutane. Mu 'ya'yan gida muka laƙaba mata suna Gwaggo, saboda halinta ɗaya da ƙanwar Baba, Gwaggo Kulu, mai aure a Sarandosa. Dukansu biyu ba sa tashi da safe sai sun yi mita, kuma dukansu ba sa wuce mutum a hanya su bar shi.

Wata biyu kafin wannan tafiya, wana Bello ya ɗauke ta zuwa Sarandosa ɗauko gero. Bai duba baƙin mai ba, injin ya buga a ƙofar gidan Gwaggo Kulu, ya baro ta can ya hawo motar haya. Shi da ya yi ɓarnar shi ne kuma ya fi kowa ɗaga murya cewa a sayar wa 'yan gwangwan su yanka ta, har ya yi alkawari da wani cewa su haɗu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Baba bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "In ta shigo gidanga da ƙahwatta kahin sallar Juma'a, ba a sai da ta." Na ga yadda ya juyar da fuska bango da ya faɗi haka, abin ya tsaya mini a rai. Washegari na nemi izinin kwana huɗu a makarantar da nake koyarwa.

A tasha na tarar da Arzika makaniki yana jirana, zaune a kan akwatin sifanunsa. Gajere ne mai ƙatuwar murya, kuma a iya sanina bai taɓa yarda cewa akwai abin da bai sani ba. Muka shiga bas ta Maiyama, naira shida-shida, akwatin ma direba ya ce sai an biya masa kuɗin mutum guda.

"Akwati na ko Alhaji?" in ji Arzika.

"Ya hi Alhaji nauyi," in ji direba.

Muka biya rabi, muka tashi ƙarfe shida da kwata. Shinge ɗaya muka tarar a bayan gari, ɗan sanda ya leƙo ya ƙirga kawunanmu ya ɗaga hannu. Bakwai saura biyar muna Maiyama. Nan muka karya da kunu da ƙosai mai zafi na naira biyu, Arzika ya ci nasa ya taya ni da nawa.

Maiyama zuwa Sarandosa

Motar Sarandosa ba ta da lokaci sai ta cika. Wata a-kori-kura ce, muka zauna bayanta tare da buhunan gishiri da awaki biyu har ƙarfe tara da rabi. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar yashi, sau biyu muna sauka muna turi. Kowane turi sai Arzika ya ce, "Da Gwaggo ta, da ko tari ba ta yi nan." Mun isa sha ɗaya saura kwata.

Tana nan ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Na dafa ta na isar da gaisuwar Baba a hankali don kada Arzika ya ji. Sai ga Gwaggo Kulu ta fito da muciya a hannu.

"Labbo, ashe kuna tuna kuna da dangi? Ko ko takwarata kunka zaka gani?"

"Ku duka biyu, Gwaggo."

"Ƙarya kakai. Ita ka hwara gaisarwa, ina kallo ta kahwar danga."

Ta kawo mana fura da nono a ƙwarya, muka sha, Arzika ya kwanta ƙarƙashin mota. Bai yi minti goma ba ya fito yana girgiza kai. Ya kama hannuna ya cusa ta gefen injin, na ji rami wanda dunƙulen hannu zai shiga. Sandar da ke riƙe fistan ce ta karye, ta huda cikin injin ta fito waje. "Wanga ba gyara," in ji shi. "Sai dai wani inji. Karaya ta, malam, karaya mai muni."

Inji irin nata ɗaya na sani a ƙasar nan. Alhaji Tunau na Sabiyal, manomin albasa, ɗan kawun su Baba, yana da irin jif ɗin da ta kife shekarun baya, jikin ya lalace amma ya cire injin ya ajiye. Daidai lokacin a-kori-kurar da ta kawo mu ta tayar, direban ya ce daga Maiyama Aliero zai wuce ɗaukar albasa. Na bi shi da gudu ina faɗa masa ta taga: "Ka aika Sabiyal wurin Alhaji Tunau, ka ce in ji Labbo, Gwaggo ta karye a Sarandosa, ko motsi ba ta yi, gobe muna tafe!" Ya ce an gama. Na koma ina yaba wa kaina dabara.

Ragowar yinin muka kwance tsohon injin. Muka rataya igiyar rijiya a reshen tsamiya, maza takwas suka ja, muka sauke shi a kan turmi biyu. Mun kwana a zauren mijin Gwaggo, bayan tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa.

Laraba: Sarandosa, Jega, Aliero, Sabiyal

Mun bar Sarandosa ƙarfe bakwai, Maiyama takwas da kwata, Jega tara da 'yan mintoci. Ban shiga gida ba, don ba na son in je wa Baba hannu rabbana. A tasha Arzika ya sayi baƙin mai galan biyu da fulogi huɗu, muka ari batir wurin wani abokinsa. Motar Aliero naira biyar ce, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Tun kafin ka ga garin hanci yake gaya maka ka iso, don albasa ce jibge hagu da dama, ja da fara, ana ɗurawa a buhu. Daga nan muka hau babura biyu zuwa Sabiyal, muka sauka sha biyu saura.

Abin da na gani a ƙofar gidan Alhaji Tunau ya sa na tsaya cak. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun kai goma sun yi jugum, daga cikin gida kuma ana jin mata suna salati. Na ce a raina rasuwa aka yi, mun zo neman inji a gidan makoki. Alhaji ya taso da kansa, dattijo mai furfura, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Labbo, ina ta karye? Cinya ko ƙugu?"

"Cikin ne ya fashe, Alhaji. Ramin kamar dunƙulen hannu."

Wani dattijo ya ce innalillahi. Alhaji ya zauna daɓas.

Arzika, da yake shi ba ya iya shiru, ya ƙara da cewa, "Ai laihin Bello na. Wata biyu ke nan tana yashe gindin tsamiya, har kaza ta yi ƙwai bisanta."

Alhaji ya ɗago kai a hankali. "Kaza? Bisa Kulu?"

A nan ne kaina ya waye. Direban nan bai san motarmu tana da suna ba. Ya isa Aliero ya ce Labbo ya ce gwaggonsu ta karye. Ɗan "su" ɗin nan da ya ƙara shi ya tayar da Sabiyal tsaye. Kuma duk wanda ya san Aliero ya san gari ne na masu ɗori, daga nesa ake kawo musu masu karaya, in aka ce abu ya karye a can ba wanda zai kawo ƙarfe a ransa. Da na yi bayani sai wani tsoho ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Mata suka ji daga ciki, salati ya koma shewa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga ido.

Alhaji Tunau ya yi dariya har da hawaye, kuma na lura ba duka hawayen ne na dariya ba. Shi da Gwaggo Kulu taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba. "Jiya ban ci tuwo ba saboda tsohuwagga," in ji shi. "Har na yi alkawali in Allah ya tashe ta ina sadaka da rago. To ga ta ta tashi tun ban kai ba. Ku ɗauki injin, ya maye ragon. Ku dai kawo min mataccen naku in ciri abin da ka ciruwa."

Injin yana cikin rumfar albasa, an lulluɓe shi da buhuna. Arzika ya zuba masa mai ta ramukan fulogi, ya sa handul ya juya, ya kasa kunne, ya sake juyawa. "Da rai nai," in ji shi, ya yi murmushin farko tun fitowarmu.

Saura matsala ɗaya. A gefen tabarma akwai wani siririn tsoho da jakar fata a cinya da damin karan dawa da aka fere. Malam Nomau ke nan, mai ɗori, wanda Alhaji ya aika aka ɗauko daga Aliero tun da safe. Na je na durƙusa ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Babu komi, ɗana. Amma mu gidanmu, in anka kira ka ka ɗauki jikka, ba ka aje ta sai ka ga majinyaci da idonka. Haka na ishe ubana na yi. Da ni za a tahi."

"Baba, mota ta hwa," in ji Arzika.

"Na jiya. In gan ta."

Mun kwana Sabiyal. An yanka mana zabi biyu, wai na murnar Kulu ta warke.

Alhamis: Sabiyal zuwa Sarandosa

Alhaji ya ba mu a-kori-kurarsa ta ɗaukar albasa da direbanta. Muka ɗora injin a kan tsohuwar taya, muka ɗaure, muka rufe da tabarma. Malam Nomau ya ƙi zama gaba, ya ce wurinsa kusa da kaya. Mun tashi shida da rabi, mun ratsa Aliero bakwai, Jega bakwai da rabi. A shingen hanyar Maiyama ɗan sandan shekaranjiya ya nuna tabarma da sanda.

"Me kuka rufe?"

"Zuciya ta, ranka shi daɗe," in ji Malam Nomau. "Mai ita na can na jira."

Ya ɗaga tabarma, ya dubi inji, ya dubi tsoho da karansa, ya ce mu tafi Allah ya ba mu lafiya gaba ɗaya.

Goma saura kwata muna gindin tsamiya. Gwaggo Kulu ta fito, na ba ta labari tun daga farko. Ta saki baki, sannan ta riƙe ƙugu. "Ni kac ce ta karye? Ni da ka daka gero tun kana tsumma? Kuma Tunau yay yi kuka? Wayyo, da ina nan in gani!" Malam Nomau ya ce ta taka ya gani, ta taka har da rangaji. Ya ce, "Wagga ta warke. Ina guda?" Ya je ya zauna a kan turmi kusa da mota, jakarsa a cinya.

Maza takwas suka sake kama igiya. Kafin azahar injin ya sauka cikin ƙirjin mota, sai dai ya ƙi haɗuwa da giyabos. Akwai wata sanda mai haƙora da ke fitowa daga giyabos, dole ta shige tsakiyar kuloci kafin su manne. Saura kamar faɗin yatsa biyu, ta cije. Aka tura, aka girgiza, aka sauke aka sake ɗagawa. La'asar ta yi muna wuri ɗaya. Zufa ta jiƙe Arzika sharkaf, masu igiya hannuwansu sun yi ja, biyu sun ce za su koma gona. Ni kuwa ina duban rana ina tuna gobe Juma'a.

Arzika ya ce, "Miƙo min dogayen kusoshi. In ɗaure su da ƙarhi, dole ta shiga."

"In ka matsa ta hakanga, tana hwashewa," in ji Malam Nomau daga kan turmi.

"Baba, wanga ƙarhe na, ba ƙahwar mutum ba."

"Awo. Bari dai in taɓa."

Arzika ya ja gefe yana huci. Tsoho ya naɗe hannun riga, ya zaro kara ɗaya daga daminsa. Ya cusa shi a tsakanin inji da giyabos ta sama, ya sa farce ya yi alama. Ya kwanta ya cusa ta ƙasa, ya fito ya nuna wa Arzika. Ta sama karan ya shige da sauran wuri, ta ƙasa da kyar ya shiga.

"Ka gani? Bakinsu bai daidaita ba, guda na kallon sama. Ƙashi in ya hau bisa ɗan'uwa nai, ba tura shi akai ba. Ja akai baya, a daidaita, a murza kaɗan, shi koma gida nai da kai nai."

Arzika ya karɓi karan, ya auna da kansa. Malam Nomau ya sa aka ja injin baya kaɗan. Ya ce masu igiya su ɗaga kamar faɗin tafin hannu, a tokare giyabos da taɓarya. Ya sake aunawa har karan ya yi daidai sama da ƙasa. Sannan ya ce ni in sa handul in juya sannu, kamar mai juya jariri. Ya ɗora tafinsa a kan inji ya yi bisimilla. Na juya kaɗan, na ƙara kaɗan. Sai muka ji ƙwas, inji ya zame ya manne, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba.

Masu igiya suka yi kabbara, Gwaggo Kulu ta rangaɗa guɗa. Arzika ya tsaya yana kallon karan da ke hannunsa. Can ya cire hula ya durƙusa gaban tsoho.

"Baba, ina ka koyi makanikanci?"

"Ga cinyar mutane. Su sun hi wagga ihu."

Kafin magariba Arzika ya gama haɗa wayoyi da bututun ruwa, muka ba tayoyi iska da famfon keke, muna karɓa-karɓa. Ya ce in tayar. Ta yi tari, ta yi mita kamar yadda ta saba, sau uku. A na huɗu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, duk unguwa ta ɗauki warin soyayyar albasa. Na zauna riƙe da sitiyari ina dariya ni kaɗai, murna ta cika ni.

Na tambayi Malam Nomau abin da za a ba shi. Ya ce shi ba ya yanka wa majinyaci kuɗi. "Abu guda nika so. Da damana ƙauyukanga mota ba ta shiga, mai karaya sai a aza shi bisa jaki, kahin shi kai gare ni ƙahwa ta kumbura. Tunda wagga na shiga laka, in anka yi kira, ta ɗauko min su." Na ce na ɗauka, kuma zan faɗa a gaban Baba.

Juma'a: komawa gida

Mun tashi bakwai daidai. Gwaggo Kulu ta ce da ita za a je, sai ta nuna wa duniya ƙafafunta, daga Jega kuma a wuce da ita Sabiyal ta ga idon Tunau. Ta zauna gaba da ƙullin daddawa, Malam Nomau da Arzika da mataccen inji a baya. Yashin da ya sa mu turi ranar Talata, ko tari ba ta yi a cikinsa ba. Kafin Maiyama mun ɗauki mutum biyar a hanya, don duk wanda muka gani sai Gwaggo Kulu ta ce in tsaya. Malam Nomau ya hana ni gudu, wai sabon ɗori ba a gaggauta masa, saboda haka sai goma da kwata muka shigo Jega, muka kutsa cikin cunkoson 'yan kasuwa.

Tun daga kan kwanar unguwarmu na hango Baba a tsaye, ya dafa bango, ya karkata kai gefe ɗaya. Bello na kusa da shi cikin kayan Juma'a. Na tsaya a ƙofar gida ban kashe ba. Baba ya tako a hankali har hannunsa ya sami bonet, ya bar shi a kai yana saurare.

"Muryag ga ba tata ba ta," in ji shi. "Ta Tunau ta, na san ta. Amma takun nata na, tun daga kwana na ji shi." Ya ƙara kasa kunne. "Arzika, hulogi na ukku bai ɗauru ba."

Arzika ya buɗe ya duba, ya ce wallahi haka ne.

Gwaggo Kulu ta sauko tana faɗin, "Yaya, ɗanka ya karya ni ya ɗora ni cikin kwana ukku!" Na gaya wa Baba alkawarin da na yi wa Malam Nomau. Ya ce, "Ka yi daidai. Bello ka tuƙa ta, tunda shi yab bar ta da ƙishirwa. Kullum shi duba mai kahin shi karya kumallo." Bello ya sunkuyar da kai, ya ce bari ya je ya sallami mutumin gwangwan kafin a shiga masallaci.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Alhaji Tunau, da Arzika, da Malam Nomau, da mazan Sarandosa takwas da igiya ta ci wa hannu, har da direban da ya ƙara mana "su", don ba don shi ba da mai ɗori bai biyo mu ba.

Da na zo kashe mota Baba ya riƙe mini hannu. Ya lalubi ƙofa ya buɗe, ya hau kujerar direba, ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Bar ta tukuna," in ji shi. "Ba mu gama gaisawa ba."